Wasiƙa daga Liyon zuwa Garwa game da kwamfutar hannu ta yara

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Inna da dukan mutanen gidanmu na Yelwa, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni, wanda a ciki ka nemi in sayo wa yara kwamfutar hannu, wadda a nan ake kira tabilet, domin kada a bar su a baya a ilmin zamani. Ban jinkirta amsa don kuɗinta ya gagare ni ba. Na so ne in zauna in bayyana maka yadda wannan kaya yake a Faransa, da abin da ya yi a cikin gidana a shekara takwas da na yi a birnin Liyon, kafin ka yanke shawarar da ta dace da gidanka.

Na'urar ba ta da tsada a nan idan aka auna ta da albashin ma'aikaci. Ana samun ta yara a kan Yuro 100 zuwa 150, wato tsakanin sefa dubu 65 da dubu 100, tunda Yuro ɗaya yana daidai da kusan sefa 656. Intanet na gida kuwa ina biyan Yuro 30 a wata, ba a ƙidaya mini abin da na ci, dare da rana yana nan, kuma tun da na zo ban ga an ɗauke wuta fiye da sau biyu ba. A Garwa abu uku ne ke raba yaro da waya ko bai so ba: data ta ƙare, ko caji ya mutu a ranar da babu wuta, ko mai wayar ya karɓi abarsa zai fita. A nan babu ko ɗaya daga cikin ukun, saboda haka babu abin da zai tsayar da yaro sai iyayensa, su kuma iyayen yawanci sun dawo daga aiki a gajiye.

Abin da ke da tsada a ƙasar nan shi ne fita waje. Muna zaune a hawa na bakwai na wani dogon bene, ba mu da tsakar gida, ba mu da zaure, ba mu da ƙofar gida inda yaro zai zauna ya ga sa'o'insa. Ba a sakin ƙaramin yaro ya sauka shi kaɗai, domin a nan ba a san cewa ɗa na kowa ne ba, kuma maƙwabcin da ya ga ɗan shekara biyar yana yawo ba babba a tare da shi, hukuma zai kira, ba zai kama hannunsa ya mayar da shi gida ba. Gaskiya ne cewa wuraren wasan da hukumar gari ta gina suna da kyau ƙwarai. A bayan benenmu akwai ɗaya da aka kewaye da shinge, da lilo da tudun zamiya da igiyoyin hawa, an shimfiɗa wa ƙasansa roba mai laushi yadda ko yaro ya faɗo ba zai fasa kai ba, an kuma kafa allo da ke nuna shekarun yaran da aka yi kowane abu dominsu. Akwai kuma babban lambun Tête d'Or mai faɗin hekta 117, da tafki da gidan dabbobi, shiga kyauta, kuma a can ne 'ya'yana suka fara ganin raƙumin dawa, dabbar da ke yawo a dajinmu na Waza. Sai dai duk wannan alheri ba ya amfanar yaro sai an sami babban da ya ajiye aikinsa ya kai shi, ya zauna ya jira shi, ya dawo da shi. A watan Disamba ana tashi daga makaranta wajen ƙarfe huɗu da rabi, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar, ga sanyi mai shiga ƙashi, sai ka wuce wannan kyakkyawan fili ka tarar babu yaro ko ɗaya a cikinsa.

Ƙwallon ƙafa ma, wadda mu muka buga kyauta da ƙwallon tsumma a filin bayan masallaci har sai an kira magariba, a nan saye ake yi. Na biya wa babban ɗana Yuro 180 a ƙungiyar unguwa na shekara guda, kusan sefa dubu 118, ban da takalmi, domin ya buga sau biyu a mako na awa ɗaya da rabi, da wasa ɗaya ranar Asabar. Gwamnati ta fito da wani tallafi a 2021 na Yuro 50 ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi domin rage wannan nauyi, kuma akwai gidajen da hukumar gari ke tara yara ranar Laraba da lokacin hutu, ana biya gwargwadon abin da iyali ke samu. Horon yana da tsari, masu horarwa suna da takardar shaida, fili yana da ciyawar roba da fitilu. Amma awa huɗu ko biyar a mako ba ta kai abin da yaron Yelwa ke bugawa a kwana biyu ba. Ka tuna cewa daga ƙungiyar Coton Sport ta Garwa ɗan ƙwallo Vincent Aboubakar ya taho ƙungiyar Valenciennes ta Faransa a 2010, kuma shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Afirka da aka yi a ƙasarmu Kamaru a farkon 2022, da ƙwallo 8, alhali kowa ya san irin filayen ƙura da yaran garinmu ke fara koyon wasa a kansu.

Yanzu bari in gaya maka laifina, domin shi ne dalilin wannan doguwar wasiƙa. Lokacin da babban ɗana yake da shekara huɗu ina aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya, da rana ina bukatar barci, mahaifiyarsa kuma tana fama da jego. Na sayo masa tabilet domin gidan ya yi shiru, kuma gidan ya yi shiru. Kafin ya kai shekara bakwai ba ya cin abinci sai tana gabansa, idan aka karɓe ta sai ya yi ta birgima yana kururuwa kamar an yi masa duka, idan na yi masa magana da Hausa sai ya amsa da Faransanci ba tare da ya ɗago kai ba. Malamarsa ce ta fara lura cewa yana ƙanƙance ido idan zai duba allo, muka kai shi wurin likitan ido aka yanka masa tabarau. Likitar ba ta ɗora wa na'urar laifin duka ba, ta ce gado ma yana da nasa rabo, amma tambayar farko da ta yi mini ita ce awa nawa yaron yake yi a waje kowace rana. Da na lissafa ban sami ko rabin awa ba a ranakun sanyi. Ta bayyana mini cewa hasken rana yana taimaka wa idon yaro ya girma daidai, cewa yawan duban abu na kusa a cikin ɗaki yana jawo rashin ganin nesa, ta ce in yi ƙoƙari ya riƙa samun awa biyu a waje. Likitan yara kuma duk lokacin sanyi sai ya rubuta musu sinadarin bitamin D na sha, saboda baƙar fata tana bukatar rana fiye da wadda ake samu a nan. Ka duba, Yaya, ranar da muke gudu a Garwa ita ce nake karɓo madadinta a kantin magani.

Hukumomin ƙasar su ma sun farga. Tun 2018 doka ta hana yara amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare, kuma daga 2022 aka umarci makarantun firamare su ba yara minti 30 na motsa jiki kowace rana. A 2024 wani kwamitin masana da shugaban ƙasa ya kafa ya ba da shawarar kada a nuna wa yaro allon na'ura kafin shekara 3, kada a ba shi waya kafin shekara 11, kada ya sami mai intanet kafin 13, kada ya shiga dandalin sada zumunta kafin 15. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2019 ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana. Waɗanda suka riga mu samun kayan ke nan suke neman hanyar janye 'ya'yansu daga gare shi.

Kai shaida ne a kan abin da ya faru da muka zo hutu da daminar bara. Kwana biyu na farko yaron nan yana maƙale a ɗakin Inna yana tambayar inda intanet yake. A rana ta uku 'ya'yanka suka ja shi waje da tsohuwar tayar babur da sanda, ban sake ganinsa ba sai la'asar, ya shigo ƙafafunsa fari fat da ƙura, gwiwarsa a kurje, ya zauna ya cinye tuwon da a Liyon sai an yi ta lallashinsa kafin ya taɓa. Kafin mako biyu ya iya langa, ya ƙera motar kara da hannunsa, ya koyi ƙirga 'ya'yan dara, kuma Hausar da na yi shekaru ina fama in sa a bakinsa ta fito da kanta, domin babu wanda zai jira shi ya fassara a tsakiyar wasa. Kullum bayan sallar isha'i barci ke kwashe shi a kan tabarma ana cikin tatsuniya.

Ba na cewa komai na gida daidai yake. Babura sun yi yawa a lungunanmu kuma ba sa rage gudu don yara, kududdufan damina suna tara sauro, kogin Binuwai yana da haɗari ga yaron da bai iya ruwa ba, alhali a nan makaranta ce ke kai yara koyon iyo. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana hana fita da tsakar rana. 'Yan mata kuma aikin gida da talla sun cinye musu lokacin gaɗa da carafke, har na yi wata guda ban ji waƙar gaɗa ko sau ɗaya da dare ba. Abin da ya fi damuna shi ne filayen da ake yankawa ana sayarwa, domin rabin wanda muka yi wasa a kansa ya zama shaguna, kuma a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidanmu na ga samari shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya tun hantsi har azahar. Ina roƙonka ka yi magana da mai unguwa da liman a kan sauran filin nan, a rubuta shi a matsayin na yaran unguwa tun kafin a sa masa bulo, kuma idan akwai kuɗin takarda ni da 'yan'uwan da ke nan za mu haɗa mu aiko.

Saboda haka ka yi mini haƙuri, ba zan aiko wa ƙananan tabilet ba. Na saya musu ƙwallo biyu na fata da famfon hura su, da igiyoyin tsalle na 'yan mata, da littattafan hotuna, da keke ɗaya mai kyau da na samu a kasuwar gwanjo kan Yuro 40. Babbar 'yarka da ke shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare kuwa tana da bukata ta gaskiya, don haka na gyara mata tsohuwar kwamfutata ta cinya, na zuba mata darussa da ƙamus waɗanda ba sa bukatar data, na kuma sa mata makullin da ke ƙayyade lokaci. Ina so kwamfutar ta zauna a ɗakinka, a riƙa buɗe ta a tsakar gida inda kowa ke gani, bayan an dawo daga makarantar Islamiyya, a rufe ta kafin isha'i. Kayan za su taso a jirgin ruwa zuwa Duwala a ƙarshen wata, kuma zan kira ka da zarar an ba ni ranar isowarsu domin ka shirya wanda zai karɓo su. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka gaya mata jikanta yana ajiye da motar karan nan a kan tagarsa, kuma yana tambayar yaushe za mu sake zuwa.

Wassalamu alaikum, daga ƙanenka.