Kwas ɗin shirin IELTS: malamar ta iya aiki, amma masu kwas ɗin sun ɓata min rai

Na yi rijistar wannan kwas na onlayin ne saboda kashi na biyu na jarrabawar magana ta IELTS (jarrabawar gwada iya Turanci), inda ake miƙo maka kati a ce ka yi magana a kan wani batu, kamar labarin wani abu da ya taɓa faruwa da kai, a ba ka minti 1 ka shirya da fensir da takarda sannan ka yi ta magana har minti 2. Turancin ina ji, amma da an danna agogo sai kaina ya ɗaure.

Malamar da ke mana gwaji kai tsaye gaskiya ta burge ni. Ta ba ni kati a kan lokacin da na taimaki wani, na fara zubo labarin da ke cikin wani fayil na amsoshin hadda da masu kwas ɗin suka turo mana, ban yi nisa ba ta ce "dakata ɗan'uwa, wannan labarin naka ne kuwa?" Ta ce masu ba da maki suna gane hadda tun daga yadda murya ke tafiya, kuma da an shiga kashi na uku ana jefo maka tambayoyi asiri zai tonu. Ta sa na kawo nawa na gaske, daren da na raka maƙwabcinmu asibiti, ta ce a mintin shirin nan kar in tsaya rubuta jimla, in sa kalma huɗu ko biyar kawai, yaushe ne, a ina, da wa, me na ji a raina. Wallahi ban san minti 2 ya cika ba sai da ta tsayar da ni, ta ce kar in damu don a jarrabawar ma haka ake tsayar da mutum.

To amma fayil ɗin haddar nan da malamarsu ta hana ni, su ne fa suka sayar min da shi da kuɗi daban, suna ta cewa da shi ake cin maki 7. Wannan ai ba adalci ba ne. Sannan sun yi alkawarin sauraron rikodin ɗin da muke turawa su yi gyara, nawa sai bayan na rubuta jarrabawa amsa ta zo, ita ma layi ɗaya, ba maganar nahawu ba maganar furuci, alhali duk suna cikin abubuwa huɗu da ake duba. Na yi musu saƙo a kan kuɗin fayil ɗin, har yanzu shiru.