Hattara da mai tallan "cikakken kayan lagireto, ɗaura da kanka" a Legas

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Legas, musamman masu riƙe da motocin gudun nan irin su BMW Z4 da 335i da Nissan 350Z da Mustang, da direbobi da yaran gida da aka damƙa wa amanar kula da su. Ni bakanike ne a wajajen Agege, aikin lagireto da zafin inji shi ne abincina. Akwai wani ɗan damfara da ke yawo a Instagram da TikTok da WhatsApp yana tallan abin da ya kira "cikakken kayan sanyaya inji", wai ka saya ka ɗaura da hannunka a gida. Motocin da suka sha kayansa sun fara shigowa garejinmu a bayan motar janwe, shi ya sa na ga shiru bai kamace ni ba. Kama suna ba zai amfane ku ba, domin duk lokacin da ƙorafi ya yi yawa sai ya sauya suna da hoto da lambar waya. Salonsa ne ba ya sauyawa, shi za ku riƙe.

Da Hausa yake shigo wa mutanenmu. Ka tura masa saƙo da Turanci, da zarar ya ga sunanka sai ga murya ta iso: "Ranka ya daɗe Alhaji, ai mu 'yan gida ne. Kanikawan Legas ne ke cinye ku. Wannan aikin ko yaronka zai yi shi da sifana biyu." Daga nan sai hotuna: famfon ruwa, tamostat, tankin roba, murfi, tiyo, galan na ruwan lagireto, da wata 'yar kwalba wai kyauta ce. Farashin gaba ɗaya bai kai kuɗin famfo guda na gaske ba. Ya ce kaya na kamfani ne, kwantenarsa ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can, shagonsa yana kasuwar kayan mota ta Ladipo amma yau ba ya kusa, ka tura kuɗi ɗan aike zai same ka a Oshodi ko Ojota.

Ban zo in hana kowa taɓa motarsa ba. Mai haƙuri da kayan aiki zai iya sauya tiyo, ya sauya tanki, har famfo ma. Abin da nake so ku gane shi ne dalilin da ya sa mutumin nan ya nace sai kai da kanka za ka ɗaura. Idan kayan suka biyo ta hannun bakanike, kafin a kwance noti ɗaya an gane su. Idan kuwa kai ka ɗaura, babu idon da ya gani, kuma ranar da mota ta tafasa amsarsa tana nan a shirye: "Alhaji ai kai ka ɗaura ba daidai ba." Ka biya kuɗi, ka yi aiki, sannan laifi ya dawo kanka.

Mu fara da famfo, don nan ne babbar ɓarnar. Injinan BMW masu silinda 6 da ake kira N52 da N54, waɗanda ke cikin 335i da yawancin Z4 daga wajen 2006, famfon ruwansu ba fambel ke juya shi ba. Na lantarki ne, kwamfutar mota ke ba shi umarni, kuma yana da nasa ƙaramin allon lantarki a ciki. Ba ya yin gargaɗi da ƙara ko ɗigo kamar tsohon famfo, rana ɗaya yake tsayawa cak. Wanda mutumin nan ke aikowa tsoho ne da aka ciro daga motar da ta gama aiki, aka wanke da fetur, aka fesa masa fenti ruwan azurfa, aka sa a kwali mai tambari. Na riƙe irinsa a hannuna. Fentin ya hau har kan ramin noti, bakin da tiyo ke shiga yana da zoben tsohon kilif, cikin soket ɗin kuma akwai koren tsatsa. Sabon famfo ba ya zuwa da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sannan na gaske ana ɗaura shi ne da sababbin notuka na alminiyam waɗanda sau ɗaya ake ɗaure su, a kwalinsa kuwa babu su, sai ya ce ka mayar da tsofaffin.

Muguntar abin ita ce famfon yana juyawa idan da sanyi. Ka ɗaura, ka tayar, ka zaga unguwa, komai lafiya, har ka tura masa saƙon godiya wanda zai ɗauki hotonsa ya yaudari na gaba da shi. Sai ranar da gosulo ya riƙe ka a kan gadar Third Mainland da tsakar rana, ga AC a kunne, babu iskar da ke bugun lagireto. Gadar nan ta kusa kilomita 12, ba inda za ka ratse ka huta. Kuma 335i na wancan zamanin ba ta da allurar zafin ruwa a dashbod, sai dai fitila ta kawo ruwan ɗorawa, fanka ta hau ihu, mota ta rage ƙarfi, kafin ka ankara ta koma ja.

Sai galan ɗin. Ruwan lagireto na gaske haɗi ne na wani sinadari da ake kira gilaikol da tataccen ruwa, yawanci rabi da rabi, da magungunan hana tsatsa. Wasu na cewa ai mu ba ma ƙanƙara a Najeriya, me za mu yi da shi? Amfaninsa a wurinmu biyu ne: yana hana alminiyam da famfo cinyewa, yana kuma ɗaga inda ruwa ke tafasa. Ruwa zalla a nan Legas, da muke daidai da teku, yana tafasa a digiri 100. Haɗin rabi da rabi yana kai wajen 107, idan kuma murfi ya riƙe matsi yadda ya kamata sai ya wuce 120. Injinan BMW ɗin nan da gangan aka tsara su su yi aiki sama da digiri 100 a tafiya ta yau da kullum. To ka zuba musu ruwan rijiya da aka rina da kala, ka rufe da murfin da ba ya riƙe komai, me kake jira? Abin da ke cikin galan ɗinsa ke nan. Shuɗi, kore, ja, duk kalar da motarka ke sha yana da ita.

Gwajinsa ba wuya. Ɗebi kaɗan a 'yar roba, ka rubuta a jiki, ka sa a firiza ya kwana, in an yi sa'a wuta ta zauna. Haɗin rabi da rabi na gaske sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri yake daskarewa, firizar gida kuwa a wajen 18 ƙasa da sifiri take tsayawa. Idan ka wayi gari ka ga ƙanƙara, an sayar maka da ruwa. Amma don Allah a kiyaye yara da dabbobi, domin na gaskiyar yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne mai kashe ƙoda.

Murfi ma ba ado ba ne. Akwai lamba a kansa mai nuna yawan matsin da yake riƙewa. Yawancin motocin Japan 0.9 ko 1.1 ne, wasu BMW kuwa har 2. Shi murfi iri ɗaya yake jefa wa kowa a kwali. Tamostat ɗinsa kuma wani an cire masa ciki, ƙoƙon ne kawai, don mota ta yi ta tafiya da sanyi ka ɗauka gyara ya yi kyau. Na san a ƙasar nan an saba cire tamostat a haɗa fanka kai-tsaye, har wasu abokan sana'ata na rantsuwa da hakan. A tsohuwar motar haya wataƙila ka sha. A injin da kwamfuta ke lissafa mai bisa zafinsa, sai shan mai ya ƙaru, fitilar inji ta kama, inji ya riƙa cin kansa a hankali.

'Yar kwalbar kyautar nan ita ta fi ba ni haushi. Wai idan tof gaskit ya ƙone ka juye ta a tanki, ba sai an buɗe inji ba. Abin da na gani da idona shi ne ta toshe ƙananan hanyoyin lagireto da na hita, ta bar gaskit yadda yake. Wani bawan Allah mai kasuwancin canji ya kawo mana 350Z bayan ya juye ta, muka zare sandar baƙin mai muka tarar ya koma kamar shayi da madara. Aikin da da farko gaskit ne kawai, ya zama gaskit da lagireto da wankin kan silinda.

Bidiyon koyarwar da yake turowa na wasu mutane ne a ƙasashen waje, ya yanke ya ɗora muryarsa, kuma wurin da ya fi yankewa shi ne fitar da iska. Cewa yake ka cika tanki ka rufe ka tafi. Ba haka ake yi ba. Iskar da ta maƙale a kan silinda ita ke ƙona gaskit ko da kayanka na gaske ne. A 350Z akwai wurin fitar da iska a jikin tiyon hita, can bayan inji, kuma motar ta yi suna wajen wahalar da mutane a nan, sai an ɗaga gabanta an bi ta a hankali. A BMW mai famfon lantarki kuwa, inji a kashe, sai ka kunna wuta ba tare da ka tayar ba, ka kai hita ƙarshen zafi, fankar ciki a mafi ƙanƙanta, ka take totur har ƙasa na daƙiƙa 10. Famfo zai kama aiki da kansa na kusan minti 12 yana kora iska, kana ganin siririn ruwa yana dawowa cikin tanki. A haɗa caja a batir kafin a fara. In ka yi haka ba ka ji motsin famfo ba, kada ka tayar da motar.

Ta fannin kuɗi alamominsa a fili suke. Sunan asusun da zai ba ka ba ya taɓa yin daidai da sunan shagon, yau na mace, gobe na wani. Ba ya yarda a biya bayan an ga kaya. Ɗan aiken ba ya tsayawa a buɗe kwali, kullum sauri yake. Rasit ɗin ba adireshi sai "Ladipo, Mushin". Mun tura yaro da lambar shagon da ya taɓa bai wa wani, aka tarar masu sayar da fitilun mota ne a wurin, ba su ma taɓa jin sunansa ba. Wasu kuma ko kwalin ba sa gani: bayan kuɗin farko sai ya ce kwastan sun riƙe kaya a ƙara wani abu, daga nan ya toshe lamba ya yi layar zana. Kasuwar Ladipo tana da 'yan kasuwa masu amana da muka shekara muna hulɗa da su, suna da shago, suna da ƙungiya, kuma idan kaya na hannu ne za su ce maka ɗan Beljiyam ne. Sayen na hannu da saninka daban, a sayar maka da shi a matsayin sabo daban.

Wanda zai saya, ya ɗauki lambar shasi ta motarsa a fitar masa da lambar kayan da ta dace, ya je shago da ƙafarsa ko ya aika wanda ya san kaya, ya riƙe tsohon a hannu a gwada da sabon. Sunan kamfani kuma ana iya duba shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kafin a tura ko sisi.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru, don shirun manya shi ne jarin mutumin nan. Ka adana saƙonni da muryoyin da shaidar tiransifa da kwalin kansa. Ka sanar da bankinka a rubuce tun da wuri, kafin a kwashe kuɗin. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da ta jihar Legas, LASCOPA, akwai sashen 'yan sanda na musamman mai binciken zamba a titin Milverton da ke Ikoyi, ga kuma EFCC. Idan kun haɗu ku da yawa kuka kai ƙara tare, an fi saurarenku.

In kayan suna jikin motarka yanzu, ajiye ta. A zubar da ruwan, a wanke hanyoyin da tataccen ruwa, a ciro famfo da tamostat da murfi a duba, a yi gwajin matsi, a kuma yi gwajin nan na shuɗin ruwa da ke komawa ruwan ɗorawa idan hayaƙin inji yana shiga lagireto. Idan kuma fitila ta riga ka kawowa a hanya, ka gangara gefe ka kashe inji nan take, kada ka ce bari in lallaɓa zuwa gida. Kada ka buɗe murfi da zafi, kada ka kwara wa inji ruwan leda, ka kira janwe.