Megger OTS60PB: na'urar gwajin man taransifoma da iyakar abin da take gani

Aikin OTS60PB shi ne auna yawan wutar da man taransifoma zai jure kafin wuta ta keta shi. A tsarin IEC 60156, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta wannan gwaji, ana saita tazarar milimita 2.5 tsakanin kawunan ƙarfe biyu da ke cikin kofin gwaji, a zuba mai a hankali don kada ya yi kumfa, a bar shi ya huta minti 5, sannan wuta ta riƙa hawa kilobolt 2 kowace daƙiƙa har ta yi tsalle. Sau 6 ake yi, da hutun minti 2 tsakani, a ɗauki matsakaici. Na'urar na bin matakan da kanta, kuma tana da batir, don haka ko an kashe tashar wuta aiki bai tsaya ba.

Inda ta fi burge ni shi ne saurin yanke wuta. Duk tartsatsi yana ƙona ɗan mai ya bar baƙin kabon. Idan ya daɗe, kabon ɗin kan jeru tsakanin kawunan ya zama gada, sai karatun da ke biyo baya ya faɗi alhali laifin na gwajin ne. Wannan tana yankewa nan take.

Sai dai kilobolt 60 ne iyakarta. IEC 60296, ƙa'idar ingancin sabon man taransifoma, na son sabon mai ya kai kilobolt 30 yadda ya zo, 70 bayan an tace an busar, saboda haka mai karɓar sabon mai gara ya nemi OTS80PB, mai kaiwa kilobolt 80.

Babban kuskure shi ne a ɗauka karatu mai kyau yana nufin taransifoma lafiya lau. Danshi da datti na'urar take kamawa. Tartsatsi a cikin tankin taransifoma kuwa yana fasa mai ya fitar da haidurojin da asitilin, gas ɗin nan na masu walda, su narke a ciki ba tare da karatu ya nuna ba. Idan Buchholz, na'urar kariya da ke gargaɗi idan gas ya taru a taransifoma, ta yi ƙara, a ɗebi samfur a sirinjin gilashi a kai gwajin narkakken gas kafin a kira masu tace mai, domin injinsu yana zuƙe gas ɗin, shaida ta tafi, wurin da ke tartsatsi yana nan.

Wajen ɗibar samfur, a zubar da man farko daga bawul ɗin ƙasan taransifoma kafin a cika kwalba, kuma kada a buɗe kofi cikin ƙurar hunturu ko yayyafi.