Kwas ɗin igiyoyin teku da na iska da na biya wa kuɗi a intanet

'Yan ajinmu na digiri na biyu sun dame ni da tambaya ko su ma su biya su shiga. To ga yadda ta kasance da ni.

Makonni ukun farko da-na-sani kawai nake yi. Kun san yadda dala take, kun kuma san albashin malamin lissafi a sakandare. Ajin kai-tsaye sai ƙarfe biyun dare, domin malamar tana Amurka. Ni kuwa ina Ƙofar Marusa, an ɗauke wuta, na jingina waya da tarin littattafan ɗalibai, sauro na cin ƙafafuna, data na zuba kamar an huda tulu. Abin da ya fi ci mini rai misalansu ne. Kowane lissafi sai a ce mu ɗauka muna digiri 45 arewa da ikweta, sai ka ce daga nan zuwa ƙasa babu mutane.

A mako na huɗu ne abin ya juya. Ana bayanin ƙarfin Coriolis, wanda wani Bafaranshe mai wannan suna ya rubuta a 1835: juyawar duniya tana karkatar da duk abin da ke tafiya zuwa dama a arewacin ikweta, zuwa hagu a kudu. Haushi ya sa na rubuta cewa ni a Katsina nake, digiri 13, mu yaya namu yake? Ban zaci za ta kula ba. Wallahi sai baiwar Allah ta tsaya, ta goge allo, ta ce mu lissafa tare. Girman ƙarfin shi ne saurin juyawar duniya sau biyu, a ninka da sayin (sine na lissafin kusurwa) na digirin da mutum yake. A digiri 45, iskar da aka tura aka ƙyale ta takan kammala zagaye ɗaya cikin kimanin awa 17. A Katsina sai ta kai awa 53. A kan ikweta ƙarfin ma babu shi sam. Na danna a kalkuleta da hannuna, ya fito daidai.

Daga nan ta ce wannan bambancin, yadda ƙarfin ke ƙaruwa in kana nausawa arewa, shi ne uwar igiyar da wani masanin yanayi mai suna Rossby ya bayyana a 1939. In aka ture dunƙulen iska arewa, sai ya soma juyawa ta yadda zai ja na yammansa arewa, ya tura na gabas kudu, sai siffar igiyar ta riƙa gusawa yamma. Sannan ta ɗora hoton tauraron ɗan'adam na Sahel a watan Agusta. Ga curin gizagizai a jere kamar ayarin raƙuma, daga wajen Sudan har gaɓar Senegal. Ta ce dangin igiyar Rossby ne: zafin Sahara da sanyin gaɓar tekun Gini suna haifar da wata iska mai ƙarfi daga gabas, kimanin kilomita 3 zuwa 4 a sama, ita kuma tana lanƙwashewa ta zama igiyoyi masu tsawon kilomita 2,000 zuwa 4,000, suna wucewa duk kwana 3 zuwa 5. Wasunsu in sun faɗa Tekun Atlantika su ne ke zama guguwar da ke far wa Amurka.

Tsigar jikina ta tashi. Har aka kira assalatu ban runtsa ba.

Ranar Juma'a na je Daura gaida mahaifina, na same shi yana gyara ƙotar fartanya a zaure. Na ce, "Baba, a damina daga ina hadari yake tasowa?" Ya ce, "Daga gabas mana, ɗana. In ya haɗo daga can, tattara shanya." Na ce to in an yi ruwa yau, sai yaushe? Ya ce in damina ta zauna, ba a cika wuce kwana uku ko huɗu ba. Na buɗe littafina na nuna masa lissafin, duk da ba ya karatun boko. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah mai iko. Allah Ya yi maka albarka." Wannan daren da wannan zaman kaɗai sun isa in ce kuɗina bai faɗi ba.

Amma fa ina da ƙorafi, kuma babba. Darasin da na fi buƙata saboda aikin bincikena shi ne na igiyoyin ikweta, wato aikin wani masani ɗan Japan, Matsuno, na 1966, da igiyar Kelvin da ke tafiya gabas ta ratsa Tekun Fasifik cikin kimanin wata biyu, wadda ke da hannu a El Niño, wato ɗumamar ruwan gabashin tekun nan da ke rikita yanayi. Shi ne kuma ba a yi kai-tsaye ba, aka ba mu tsohon bidiyo. Daidai inda ake fitar da amsar daga lissafin ruwa marar zurfi sai sauti ya ɗauke, kusan minti ashirin malamar na ta rubutu bakinta na motsi, ni ina kwafa kamar kurma. Jarrabawa kuma ta fito daga nan. Ban da haka, sai da muka gama aka ce takardar shaida kuɗinta daban, kuma za a rufe bidiyoyin bayan wata ɗaya. Babu wanda ya faɗa mana haka lokacin karɓar kuɗi. Malamar ba ni da abin cewa a kanta sai alheri, masu kamfanin ne ba su kyauta ba.

Wanda kalkulas ɗinsa bai zauna ba, kada ya soma. Wanda zai shiga ya tanadi littafi mai kauri ya kwafe komai da hannu, ni nawa ya kusa cika. Jiya na tura musu saƙo na huɗu a kan sautin nan, saura kwana tara su rufe, har yanzu shiru.