Faifan CD ko Filash: Abin da Mai Mota Zai Duba Kafin Ya Fitar da Kuɗinsa

Yawancin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano ko ta tashar jiragen ruwa ta Legas an ƙera su ne a zamanin da faifan CD yake tashe, shi ya sa kusan kowace za ka tarar da 'yar tsagar saka faifai a goshin rediyonta, alhali kuwa abin da mai motar yake saurare, karatu ne ko wa'azi ko waƙa, duk yana cikin wayarsa ko cikin memori. Daga nan ne shawara take rabuwa: wani ya ce a gyara wurin faifan domin babu sautin da ya kai na CD, wani ya ce a sayi 'yar na'urar nan da ake sokawa a wurin kunna sigari a huta, wani kuma ya ce a cire rediyon ɗungurungum a sa mai allo. Masu yabon CD suna da gaskiyarsu, sai dai gaskiyar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba idan aka shigo da ita cikin mota.

Kamfanonin Sony da Philips ne suka haɗa gwiwa suka samar da faifan CD, ya kuma fara shiga kasuwa a Japan a shekarar 1982. Ƙa'idarsa ita ce a auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a ajiye shi ba tare da an zubar da komai ba, abin da yake kaiwa kilobit 1,411 a daƙiƙa guda. Wannan cikar ce ta sa minti ɗaya yake cin kimanin megabait 10, ita ce kuma ta sa faifai ɗaya ba ya wuce minti 74 zuwa 80. Shi kuwa MP3, wanda cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus ta ba da babbar gudummawa wajen samar da shi a farkon shekarun 1990, dabararsa ita ce zubar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai yi kewarsu ba, domin fayil ya ƙanƙance. Yawan abin da aka zubar ya danganta ne da matsewar da aka yi. Fayil mai kilobit 320 a daƙiƙa, wanda shi ne ƙololuwar MP3, da wuya ko mai kaifin kunne ya bambance shi da faifai. Mai 192 ma ya wadatar da yawancin mutane. Mai 128 yakan fara nuna rauni a sautuka masu kaifi kamar kacau-kacau da shewar mata. Daga 64 zuwa ƙasa kuwa waƙa takan koma kamar ana yin ta a cikin randa, ko da yake muryar mai magana shi kaɗai tana iya jure hakan. Akwai kuma nau'in FLAC, wanda yake rage girman fayil zuwa wajen rabi ko sama da haka kaɗan ba tare da asarar komai ba, don haka sautinsa daidai yake da na faifan da aka kwafo shi daga ciki, in dai rediyon ya san karanta shi.

Abin da masu musu suke mantawa shi ne wurin da ake sauraron. Fifikon CD yana cikin ƙananan sautuka ne, irin shashshekar numfashin mawaƙi da amsa-amon da ke biyo bayan bugun ganga, kuma waɗannan su ne farkon abin da ƙarar inji da gurnanin taya a kan kwalta da iskar da ke dukan gilashi suke haɗiyewa. Motar da ke gudu a babbar hanya ƙarar cikinta takan kai wajen desibel 70 ko da gilasai a rufe suke, balle a ce na'urar sanyaya ba ta aiki an zuge su. Mutumin da ke tuƙi daga Kano zuwa Zariya a cikin wannan hali ba zai iya faɗa maka ko faifai ne yake juyawa ko fayil mai kilobit 192 ba. In dai zai ji bambanci, sai ya faka ya kashe inji, shi ma sai idan lasifikokinsa masu kyau ne.

Sai maganar da na fi son mai saye ya riƙe, wato asalin abin da aka ɗora a kan faifan. Da yawa daga faya-fayan da ake tallarsu a tasha da bakin danja ba daga ainihin rikodin situdiyo aka buga su ba. Fayilolin MP3 ne aka tattaro a kwamfuta aka ƙona a kan faifan da ake sayowa fanko. Faifai ba ya mayar da abin da matsewa ta riga ta zubar, yadda zuba kunu a kwanon tangaran ba ya ƙara masa kauri. Haka nan idan mai tura waƙoƙi ya ɗauki fayil mai kilobit 64 ya juya shi zuwa 320, girma kawai ya ƙara masa. Kwafe ba ya rage inganci, ko sau nawa fayil ya bi ta Xender daga waya zuwa waya yana nan yadda yake; abin da ke lalata shi shi ne juyawa daga wani nau'i zuwa wani, kamar a ciro sauti daga bidiyon da ya sha yawo a WhatsApp, ko a kara waya a bakin lasifikar masallaci a ɗauka. Saboda haka tambayar farko a wurin mai turi ita ce inda ya samo fayilolin, hanya mai sauƙi ta tantancewa kuma ita ce duba girmansu: waƙar minti biyar da ba ta kai megabait uku ba an matse ta sosai, mai kilobit 320 kuwa za ta kai wajen megabait 12.

Yanayinmu ma ba ya raga wa faifai. Na'urar CD tana karatu ne da wani ɗan ƙaramin ido mai harba haske, ƙurar hunturu kuma tana shiga ta tsagar ta kwanta a kansa, sai ka ga rediyo ya karɓi faifai ya yi ta juyi, daga baya ya tofo shi. Faifan da aka ƙona a kwamfuta ya fi na kamfani rauni, domin bayanan suna kan wani siririn rini ne da zafi da hasken rana suke ɓatawa, kuma duk wanda ya taɓa barin faifai a kan dashbod a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu ya san yadda yake lanƙwashewa. Ga gargada, wadda take sa tsofaffin na'urori tsalle a kowane rami. Mafi ban haushi ita ce na'urar da ke ɗaukar faifai shida a ciki, domin idan ɗaya ya maƙale, musamman mai takardar da aka liƙa a bayansa wadda zafi ya ɗaga, sai an kwance rediyon kafin a ceto sauran biyar ɗin. Filash kuwa, wato ɗan abin ajiye fayiloli da ake sokawa a kafar USB, ba shi da abin da ke juyawa a cikinsa, ramuka da ƙura ba su dame shi ba.

A wajen ɗaukar kaya babu ma gasa. Cikakken karatun Alƙur'ani yakan ɗauki wajen awa 20 zuwa 30 gwargwadon saurin makarancin, wato faifai 15 zuwa sama da 20, ga wahalar laluben na gaba da hannu ɗaya ana tuƙi, alhali filash mai gigabait 16 zai ɗauki fiye da awa 100 na sauti mai kilobit 320. Akwai dai wata tsakatsakiyar hanya da mutane da yawa ba su san motarsu tana da ita ba: idan an rubuta MP3 ko WMA (wani nau'in fayil ɗin sauti) a fuskar rediyon, kamar yadda yake a Toyota Camry ta 2007 zuwa sama, to yana karanta faifan da aka zuba wa fayiloli kai tsaye, kuma faifai ɗaya mai megabait 700 zai ɗauki kusan awa 12 a kilobit 128. Ga wanda ba ya son taɓa rediyonsa na asali, wannan ta isa tafiyar Kaduna zuwa Legas da 'yan faya-fayai biyu.

Idan an yanke shawarar komawa fayiloli, hanyar da sautin zai bi ya isa lasifika ta fi nau'in fayil ɗin tasiri. Mafi tsafta ita ce kafar USB da ke jikin rediyon kansa, domin shi yake karanta fayil ɗin, direba kuma yana sarrafa komai da maɓallan gabansa ko na sitiyari. Sai dai a lura da abu uku. Tsofaffin rediyoyi da yawa tsarin ajiye fayiloli na FAT32 kawai suka sani, filashin da ya wuce gigabait 32 kuwa yawanci da tsarin exFAT yake zuwa, shi ya sa wani zai sayi babba mai tsada motar ta ƙi ganinsa. Mai 16 ko 32 ya fi kwanciyar hankali. Na biyu, jabun filash ya cika kasuwa, irin wanda zai nuna babban wuri a kwamfuta amma da an wuce ɗan abin da yake iya ɗauka na gaskiya sai fayiloli su fara lalacewa, don haka a cika shi a gwada tun kafin a yi nisa da mai shago. Na uku, wasu rediyoyin suna bin jerin yadda aka zuba fayilolin ne, wasu kuma jerin suna, saboda haka a sa wa surori lamba daga 001 zuwa 114 kuma a zuba su a jere, in ba haka ba sai a ji Baƙara ta biyo bayan Nasi. Yana da kyau kuma a tabbatar rediyon yana ci gaba daga inda aka tsaya bayan an kashe mota, domin mai bin tafsirin awa biyu ba zai so ya koma farko duk lokacin da ya tsaya shan mai ba.

Igiyar AUX, wadda ake haɗa wayar hannu da rediyo da ita, tana biye, sautinta mai kyau ne matuƙar igiyar ba ta araha ba ce, illa dai a wasu motocin takan kawo wani siririn kuka mai tashi da sauka tare da totur idan ana cajin wayar a lokaci guda. Bluetooth na asali da ya zo da rediyo yakan sake matse sautin kafin ya aika, amma asarar ƙanƙanuwa ce da ba a jin ta a kan hanya, ga kuma amfanin amsa kira ba tare da ɗaukar waya ba. Sauraro kai tsaye ta intanet daga Audiomack ko Boomplay ko Spotify yana cin wajen megabait 58 a awa ɗaya a kilobit 128, kuma yana yankewa duk inda sabis ya ɗauke, don haka mai doguwar tafiya ya sauke abin da yake so tun daga gida.

Na'urar da ake sokawa a wurin kunna sigari ita ce mafi araha, ita ce kuma mafi rauni. Ƙaramar tashar rediyo ce, tana watsa sautin ta zangon FM rediyon motar ya kamo, shi kuwa FM ba ya ɗaukar sautin da kaifinsa ya haura kilohaz 15, ga shuu da ke bi ta ƙarƙashi, ga tashoshin gari da ke kutsowa. A birni irin Kano, inda gidajen rediyo suka yi yawa, samun gurbin da babu kowa aiki ne, wanda aka samu kuma yana iya cika da an shiga wani gari. Wanda motarsa ƙirar kasuwar Amurka ce ya sani cewa rediyonta yana tsayawa ne kawai a lambobin da suka ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9, kamar 88.1 da 88.3, don haka a kan irinsu zai saita na'urar. Wasu daga cikin waɗanda suka rantse cewa CD ya fi filash, idan ka bincika, da wannan na'urar suka yi gwajin, laifin hanyar ne aka ɗora wa fayil. A ganina ba a sayenta sai motar ba ta da USB, ba ta da AUX, kuma babu halin canza rediyo.

Canza rediyon shi ne gyara mai ɗorewa, amma a auna gurbin tukuna. Ma'aunin da aka saba da shi faɗin milimita 180 ne da tsayin 50, ko ninkinsa mai tsayin 100 wanda masu allo suke buƙata, wasu motocin kuma sai an sayi firam na musamman. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 misali ce ta inda ake shan wahala, domin maɓallan na'urar sanyaya a haɗe suke da rediyon. Manyan allunan Android marasa suna suna da ɗaukar ido, amma da yawansu suna jinkirin tashi, suna zafi, sautinsu kuma bai kai na rediyon da aka cire ba. Ƙaramin rediyo na sanannen kamfani irin Pioneer, Sony, Kenwood ko JVC mai USB da Bluetooth ya fi su amfani ga wanda sauti ne damuwarsa, in an tabbatar ba jabu ba ne. A nemi mai haɗa waya ya yi amfani da soket ɗin da ya dace da motar maimakon yanke wayoyin asali ya naɗe da salatif.

Kafin duk wannan kashe kuɗin, a saurari lasifikokin ƙofa. Motar da ta shekara 15 tana shan rana yawanci bakin lasifikokinta ya riga ya ruɓe, kuma lasifikar da ta yage haka za ta yi ta karkarwa ko faifan kamfani aka sa mata ko FLAC. Gwajin ba shi da wuya: a tafi wurin mai sayarwa riƙe da filash mai ɗauke da waƙa ɗaya da aka sani sosai da karatu ɗaya, a mayar da maɓallan ƙarin kauri da kaifi zuwa tsakiya, a karkatar da sautin zuwa kowace ƙofa ɗaya bayan ɗaya ana saurare, sannan a tayar da injin a taka totur a ji ko wani kuka zai biyo baya. Idan ƙofa ɗaya ta yi shiru ko ta yi zizar ƙudan zuma, kuɗin farko na lasifika ne, rediyon ya jira wata mai zuwa.