Maganar kunnen Baba, daga nan Ingila

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Baba da jiki. Maganar kunnensa ce ta zaunar da ni rubutun nan, don ni ma makon jiya an duba nawa.

Ka san aikina cikin ƙarar injina yake. In mu biyu ne muke hira ina ji ras, amma da an taru ana hayaniya sai in koma kallon baki. A asibitin gwamnati suka saka ni wani ɗan ɗaki da ko motsin waje ba ka ji, suka ɗora mini abin sauraro, suka ba ni maɓalli in riƙa dannawa duk sanda na ji ƙara. Sakamako ya fito lafiya lau. Na ce wa matar da ta yi mini gwajin, to ni me ke damuna?

Ta zana mini a takarda. Can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, da ƙwayoyin gashi kusan 15,000, daga nan jijiyar ji ke kwasar saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. A 2009 Kujawa da Liberman, masu bincike a Boston ta Amurka, sun kunna wa ɓeraye ƙara mai tsanani na awa biyu. Bayan makonni jinsu ya dawo daidai a gwaji, amma da aka leƙa ciki, kusan rabin mahaɗin jijiyar da ƙwayoyin gashin ya tsinke a wasu sassan. Kunne na kama sauti, saƙon ne ba ya isa cikakke. Irin wannan take zargi a kaina.

Na'urar ji kyauta suke bayarwa a nan, har da batir, kuma da kwamfuta ake saita ta daidai da raunin kunnen mutum. Ba irin wadda ake saye a gida ba, mai ƙara wa komai ƙarfi har kukan fanka. Jarirai kuwa tun suna 'yan kwanaki ake gwada su, suna barci ma, alhali mu sai yaro ya shekara uku bai yi magana ba hankali ke tashi. Sai dai fa jira, na yi watanni kafin layi ya zo kaina.

Na san ka ga labarin yarinyar nan da aka haifa kurma, aka yi mata maganin ƙwayar gado a Kambirij ta nan Ingila, aka sanar a 2024 cewa tana ji. Gaskiya ne, amma na masu matsalar wata ƙwayar gado mai suna OTOF ne kaɗai, ba irin na Baba ba. Ƙwayoyin gashin ɗan Adam in sun mutu ba sa sake tsirowa. Na tsuntsaye ne ke tsirowa, shi ya sa ake ta bincike a kansu.

Don Allah kada ka saya masa komai tukuna. A yi masa gwaji, ka ɗauki hoton takardar ka turo mini ta WhatsApp. Ka kuma bincika ko cikin alluran da aka yi masa bara akwai jentamisin, wata allurar kashe ƙwayoyin cuta, don tana iya taɓa kunne.