Kafin ki sayi injin tausa, je a auna miki feritin

Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah Ya yaye miki. Da na ga kin rubuta cewa da kin kwanta sai ki ji kamar kiyashi na yawo can cikin ƙwaurinki, ba zafi ba, ba ƙaiƙayi ba, sai kin tashi kin taka ƙasa sannan ya lafa, na ce to jirgi ɗaya ya kwaso mu, ciwon nan ne da ake kira ƙafafu marasa natsuwa. Cikin abubuwa ukun da kike tambayar wanne za ki zuba wa kuɗi, injin tausa da magnesiyam duk na saya, maganin likita kuma na ga yadda ya yi da yayana. Amma abin da ya dawo mini da barcina ba ya cikin lissafinki, kuma duk ya fi su araha.

Injin dai yana can saman sif cikin kwalinsa. Yana aiki muddin yana kunne, kina kashe shi kiyashin su dawo, ranar da babu wuta kuma sai dai ki kalle shi ya kalle ki. Magnesiyam kwalba biyu na shanye, abin da na tsira da shi sakin ciki ne. Ban ce ba ya yi wa kowa ba, amma binciken da aka yi a kansa game da wannan ciwon bai nuna wani abin kirki ba, mai ciwon ƙoda ma bai kamata ya sha shi da kansa ba. Masu tallarsa suna haɗa ciwonmu ne da ɗaurewar tsoka, wadda sha-raɓa ke dunƙulewa ta yi tauri kamar dutse ki farka da salati. Wancan daban, namu daban. Namu ba ya dunƙule komai, shi dai ba zai bar ki ki ajiye ƙafar wuri ɗaya ba ne.

Ni nawa da ciki ya fara. A cikin fari da na biyu yakan zo wajen wata na bakwai, ina haihuwa ya kama gabansa, kuma haka yake yi wa mata da yawa. A na uku sai ya yi zamansa. Shekara ɗaya da rabi ina zagaye tsakar gida ƙarfe biyun dare kamar maigadi. Maigidan ya ce ko barci ya ɗauke ni harbi nake ta yi da ƙafa, har ya tattara ya koma falo. Surukata, Allah Ya saka mata, ta ce iska ce, ta kawo hayaƙi da man shafawa. Maƙwabciya ta ce sanyi ne ya shige ni tun wankan jego. Sau biyu ana duba mini PCV, gwajin yawan jini, ana cewa jinina lafiya lau, in je in rage tunani.

Wata likita ce ta zauna ta saurare ni. Ta tambaya ko yana zuwa ne in ina zaune ko kwance, ko motsi na rage shi, ko ya fi tsanani da dare, ko akwai mai irinsa a gidanmu. Na ce mahaifinmu har ya rasu ba ya iya zama kan tabarma bayan isha'i sai yana karkaɗa ƙafa, ta ce ai ana gadonsa. Sai ta jefo tambayar da ta sa na sunkuyar da kai: kina tauna ƙanƙara ko farar ƙasa? Alhali a ranar ma akwai ƙullin farar ƙasa a jakata. Ta yi dariya ta ce wannan kwaɗayin yakan nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, ayon ke nan, ta rubuta mini gwajin feritin.

A nan kowa ke yin tuntuɓe, ki fahimce shi da kyau. PCV yana nuna jinin da ke yawo a jikinki yau, feritin kuma yana nuna ƙarfen da ke ajiye. Tukunya na iya cika da tuwo alhali rumbu ya kusa ƙasa. Jiki yakan fara ba jini kasonsa, ita kuwa ƙwaƙwalwa tana buƙatar ƙarfen don sarrafa dofamin, sinadarin da ke da hannu a motsin gaɓoɓi. A ƙafa ake jin ciwon, amma tushensa na can sama. Nawa ya fito 21, takardar ɗakin gwajin ko ja masa layi ba ta yi ba, domin ga mai lafiya ana iya barinsa a haka. Likitar ta ce ga mai wannan ciwon, in feritin ya kai 75 ko ƙasa da haka, ana ba shi ƙarfe. Ta kuma gaya mini ciwon na da suna, Willis-Ekbom: wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana shi tun 1672, sannan Karl-Axel Ekbom na Suwidin ya yi masa cikakken rubutu a 1945, ya raɗa masa sunan da ke nufin ƙafafu marasa natsuwa. Da na kai wa surukata labari sai ta ce to ai su ma Turawan akwai iska a garinsu.

Kin san me ta rubuta mini? 'Yar ƙwayar nan da ake ba mu a wurin awo, mu kawo gida mu cusa ƙarƙashin katifa saboda tashin zuciya. Fersolate. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 200, wadda ainihin ƙarfen cikinta 65 ne. Ta ce in sha yau in tsallake gobe, da ruwan lemo, ba a kan abinci ba in cikina zai ɗauka, kuma in sa tazarar awa biyu tsakaninta da shayi, madara, fura da nono ko maganin olsa, domin duk suna hana ƙarfen shiga jiki. Tsallaken kwanan ba rowa ba ce. Da an sha, jiki na fitar da wani sinadari mai suna hepsidin da ke rage shigar ƙarfe ta hanji kusan kwana guda, saboda haka mai haɗiyar uku a rana yawanci wahalar ciki take ƙara wa kanta. Bayan gida zai yi baƙi, kada ki tsorata. Cikina ya ɗan ɗaure, na bi shi da ruwa da ganye.

Sati huɗun farko ban ga komai ba, har na fara cewa a raina ita ma likitar kamar sauran. Cikin sati na shida ne na kwanta bayan isha'i, ban san inda kaina yake ba sai kiran assalatu. Wallahi a firgice na tashi, na ruga na duba yaron, don na ɗauka wani abu ya faru. Yana ta barcinsa. Na koma na zauna bakin gado ina kallon ƙafafuna kamar baƙin da suka dawo daga tafiya. Na yi sallah, na ɗora ruwan koko ina hawaye, maigidan ya fito yana tambayar waye ya rasu. Bayan wata uku aka sake gwajin, ya haura 80. Yanzu sai jefi-jefi, kamar in na yi doguwar tafiya a mota ko jinin al'ada ya zuba da yawa. Ƙullin farar ƙasar ma ban san ranar da na daina nemansa ba.

Dabarun gida ki riƙe su, tunda ba su cin ko sisi, sai dai ki san sauƙin dare ɗaya suke kawowa. Ni zuba ƙafa a bokitin ruwan ɗumi kafin kwanciya ya fi yi mini, wata kuma sai na sanyi. Miƙe sha-raɓa a jikin bango, tafiya kaɗan bayan la'asar, kwanciya a lokaci ɗaya kullum. In zaman dole ne, kamar hanyar Kano zuwa Abuja, ki nemi kujerar bakin ƙofa ki kuma sami abin da zai cinye hankalinki, saƙa ko hira mai zafi, yana rage shi. Shayi, kofi, lemon kwalba mai baƙi da goro duk suna da sinadarin kafin mai hana barci, ki sallame su daga azahar. Hanta, nama, kifi, wake da zogale su yawaita a kwanonki, ko da yake in rumbun ya riga ya yi ƙasa abinci kaɗai jinkiri gare shi. Turawa ma suna da tasu camfin, wai a sa sabulu ƙarƙashin zanin gado. Kada ki yi dariya, na gwada.

Ki kuma zazzage ledar magungunanki a gabanki. Ni Piriton nake sha don in samu barci, ashe ni ke rura wutar da hannuna. Shi da Phenergan da yawancin maganin mura mai sa barci suna tayar da ciwon, haka maganin amai metoclopramide, da wasu magungunan damuwa irin su amitriptyline. In likita ne ya ɗora ki a kan ɗayansu kada ki yanke da kanki, koma ki gaya masa.

Maganin likita gida biyu ne. Akwai pramipexole da ropinirole da levodopa, masu aiki ta hanyar dofamin. Yayana aka ɗora wa pramipexole, daren farko ya yi barci kamar an yi masa albishir, har yana mini gorin ƙwayar awo. Da tafiya ta yi nisa sai ciwon ya fara zuwar masa tun la'asar maimakon dare, ya hau har hannu. Ya ƙara ƙwaya, abin ya ƙara gaba. Ashe maganin ne da kansa ke haɓaka ciwon, kuma sananniyar illarsa ce. Wasu ma yana jefa su cikin caca ko sayayyar da ba sa iya tsayawa. Shi ya sa ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a jagoran da ta fitar a 2024, ta ja baya daga waɗannan, ta gabatar da gabapentin da pregabalin da ƙarin ƙarfe ta jijiya. Sai da aka yi watanni ana rage masa a hankali kafin aka mayar da shi gabapentin, domin ba a yanke shi dare ɗaya. Su ma gabapentin ɗin ba alewa ba ne: jiri, magagin safe, ƙiba, kuma sai an duba ƙoda kafin a tsayar da adadi. Pregabalin kin san yadda samari suka mayar da shi, in ya shigo gidanki ki kulle. Duk wanda ya ce miki ki sha tramadol ƙafar za ta kwanta, ki ce kin gode. Za ta kwanta, ke kuma ki tashi da wata lalurar da ta fi ta.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don na san kafin gari ya waye wasu sun biyo ki ta bayan fage da hoton kwalabe. Masu "maganin sanyin ƙashi da jijiyoyi" a gorar ruwa ba takarda ba suna, ba ki san me suka dama a ciki ba. Masu na'urar nan da ake damƙa miki wani ƙarfe a hannu, kwamfuta ta zano miki ciwo goma sha biyu, sannan ga maganin kowanne a kan teburinsu, damfara ce tsagwaronta. Ba a auna feritin sai an ɗebi jini. Masu tonik ɗin ƙarin jini mai kwali mai sheƙi kuma, ki juya bayan kwalbar ki nemi adadin ainihin ƙarfen da ke cikin cokali ɗaya ki gwada da 65 ɗin nan, sau da yawa zaƙi da kwali kike biya. Ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Duk mai cewa zai raba ki da ciwon har abada cikin sati ɗaya, kuɗinki yake so ya raba ki da su.

Kada kuma ki ce tunda ta yi wa Anti bari in fara haɗiya. Ƙarfe in ya yi yawa jiki ba shi da hanyar zubar da shi, a hanta yake taruwa. Mai sikila, musamman wadda ake yi wa ƙarin jini, kada ta kusance shi sai da izinin likitanta. Kada a yi gwajin kina cikin zazzaɓi, domin feritin na tashi da rashin lafiya ya nuna rumbu cike alhali wayam. In kina da ciki, ko ciwon suga, ko na ƙoda, ki faɗa tun farko, lissafin na canzawa. In ya fito ƙasa, a nemo ta inda yake zurarewa: al'ada mai yawa, haihuwa kusa-kusa, basir mai jini, olsa, tsutsar ciki. Ƙwayar kuma ki ɗaga ta sama nesa da yara, kamar alewa suke ganinta, kuma tana iya kashe ƙaramin yaro in ya kwashi da yawa.

Saboda haka ki bar magnesiyam a shagonsa. Gobe da safe ki je a rubuta miki feritin, a ɗebi jinin kafin ki karya, ki karɓi lambar da kanki, kada ki yarda da "lafiya lau" ta baki. In 75 ne ko ƙasa, ƙwayar awo wata uku a sake aunawa. In cikinki ya ƙi ta ko lambar ta ƙi motsi, akwai na jijiya da ake sawa a asibiti. Sai in rumbun ya cika amma har yanzu kina zagayen tsakar gida sannan ki yi wa likita maganar gabapentin.

Injin kuwa, in har ranki na kansa, kada ki saya. Ki turo yaro ya ɗaukar miki nawa, har ledarsa tana nan.